Wasalin Da Ke Dawo Da Mutum Gida

Uwa tana tsugune a gindin murhu, miya ta soma tafasa, sai ta lalubi gwangwanin gishiri ta ji wayam. Ta ɗaga murya: "Kai ɗan nan, ungo, ruga shago ka sayo mini gishiri." Ba ta ce masa ya dawo ba, ba ta ce ya kawo gishirin gida ba, ba ta kuma faɗi inda zai same ta ba. Duk wannan bayani yana ƙunshe cikin wasali ɗaya tak, wato o ɗin da ke ƙarshen "sayo". Da cewa ta yi "je ka sayi gishiri", yaro mai shegen wayo yana iya saye ya zauna bakin shago yana kallon 'yan ƙwallo, kuma in za a bi ta nahawu, bai saɓa umarni ba.

Bahaushe yana yin haka ba adadi a wuni guda, bai ma san yana yi ba. Na cikin ɗaki ya ce baƙo ya fita, na tsakar gida ya ce ya fito. Na kan bishiya ya ce yaro ya faɗi, na ƙasa ya ce ya faɗo. Ranar biki kuwa abin ya fi fitowa fili. A gidan su yarinya ana cewa za a kai amarya, a gidan ango ana cewa an kawo amarya. Mota ɗaya ce, hanya ɗaya, lulluɓi ɗaya, amma inda ake cewa "kai" kuka ake yi, inda ake cewa "kawo" guɗa ake rangaɗawa.

Wanda ya fara tsara wannan al'amari yadda ake koyar da shi yau a jami'o'i shi ne F. W. Parsons, malamin Hausa a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1960 ya nuna cewa saiwar aikatau guda tana iya fitowa cikin siga bakwai, kowace da wasalinta na ƙarshe da karin sautinta. Su ne ɗaliban Hausa ke kira giredi, suna haddace su dab da jarrabawa kamar jadawalin sau. Daga baya Paul Newman, mai babban littafin nahawun Hausa da ya fito a 2000, ya ware wa gajerun aikatau irin su ci da sha nasu gurbin. A aji abin yakan zo a bushe, lamba ɗaya zuwa bakwai a kan allo. Amma a ɗauki saiwa guda, a ce ta aure, a bi ta a ga inda za ta kai mutum.

Saurayi ya auri yarinya: labari ne kawai. Ya auro ta daga Katsina: an ɗauko ta, yanzu tana nan cikinmu. Ubanta ya aurar da ita: ta fita daga hannunsa. An aura masa ita: ba lalle ne an nemi ra'ayinsa ba. Wani mai hannu da shuni ya aure ta: akwai wanda aka bari yana cizon yatsa. In kuma aka ce ba ta auruwa, to an yanke hukunci a kan halinta ko kan tsadar gidansu. Siga shida ke nan, kowace ta tsayar da mai magana a wata kusurwa dabam ta biki guda. Tsarin zaman aure ma yana leƙowa ta ciki, domin mace ce ke tarewa a gidan miji, shi ya sa namiji ne ke aurowa. In aka ji an ce wance ta auro wane, da walakin, goro a miya.

Cikin sigogin nan, ta o ce ta fi yawo. Asalin aikinta nuna motsi zuwa wajen mai magana, amma ba ta tsaya a tafiyar ƙafa ba. Abin da ke nesa ana hango shi, sautin da ke bayan gari ana jiyo shi, abin da ya shige wa mutum duhu yana gano shi, sunan da ya kwanta masa yana tuno shi, kamar dai mantuwa wani ƙauye ne da ake zuwa a ɗauko kaya. Lokaci ma tahowa yake yi: azumi ya ƙarato, salla ta matso, hadari ya taso. Yaro ya taso a hannun kakarsa, wato ya yi ta girma har ya iso inda muke tsaye muna kallonsa. Wanda ya tafi ci-rani ana addu'ar ya samo, ɗan kasuwa ya ciyo riba, ɗan dambe ya ciyo wa unguwa suna. Sai dai ba alheri kaɗai wasalin ke jawowa gida ba, don akwai wanda ke ciyo bashi, akwai mai jawo magana, akwai kuma ɗan da ke kwaso wa iyayensa abin kunya.

Ba Hausa kaɗai ke da irin wannan ba. Harsunan Cadi da yawa, 'yan'uwanta na jini, suna da ɗafin da ke wannan aiki, haka ma Akadiyanci, harshen Babila da Assuriya da aka rubuta a kan allunan yumɓu. Bajamushe yana da her da hin, na zuwa nan da na zuwa can, shi ya sa in aka ƙwanƙwasa masa ƙofa yake cewa herein, daidai da "shigo". Fulfulde, maƙwabciyar Hausa ta kullum, tana da ɗafin oy da ke kallon ɗaya gefen, wato a tafi can a yi abu. Bafulatani yana ganin tafiyar ɗan aike, Bahaushe yana jiran dawowarsa. Japananci kuma ya raba kyauta gida biyu: in ta fita daga wajen mai magana ageru ce, in ta nufo shi kureru ce. Abin sha'awa, ko ƙanensa aka yi wa kyautar, Bajapane zai ce kureru, saboda ƙane na cikin gida ne, abin da ya same shi ya sami mai magana. A nan nahawu ne ke shata iyakar wanda ake kira namu.

Sigar u, wato giredi na bakwai, ba ta da hayaniya, amma ita ce mai nauyi. Tana nuna abu ya karɓi aiki har ya ratsa shi: tuwo ya tuƙu, nama ya dafu, ɓarawo ya bugu, ma'aikaci ya gogu. In aka kore ta sai ta koma maganar abin da ba zai yiwu ba: hanya ba ta biyuwa, yaro ba ya gyaruwa, magana ba ta faɗuwa. Kalmomin da ake ɗauka asali ne da kansu da yawa daga nan suka fito. Fara ce ta haifi faru, tara ta haifi taru, yi ta haifi yiwu. Wanda aka ce ya haifu, ba labarin haihuwa ake bayarwa ba, tunda kowa haifarsa aka yi. Ana nufin haihuwar ta kama, ɗan halak ne. Shi ya sa "in ka haifu" take cikin maganganun da ke tsayar da faɗa ko su hura shi.

Sannan ga rasu. Saiwarta rasa ce, wato neman abu a kasa samu. Mutu aiki ne da ke faruwa ga mai rai, ko akuya ce, ko fitila, ko kasuwa, ko aure. Rasu kuwa ta mutum ce kaɗai, kuma ba daga wajen mamaci take kallon al'amarin ba, daga wajen waɗanda aka bari ne. Wanda ya rasu shi ne wanda aka duba aka rasa. Mai kai saƙon mutuwa bai san giredi na bakwai ba, amma ya san in ya tsaya a zaure ya ce "Malam ya mutu" ya yi rashin ladabi, sai dai ya ce "Allah ya yi wa Malam rasuwa". Masu amsar gaisuwa kuma an yi musu rashi.

Roman Jakobson, masanin harshe haifaffen Rasha da ya ƙarasa rayuwarsa a Amurka, ya yi wata lura a 1959 da har yau ba ta tsufa ba. A ganinsa, kowane harshe yana iya faɗin duk abin da ake son faɗi. Inda harsuna suka rabu shi ne abin da kowane ke tilasta wa mai magana ya faɗa ko bai yi niyya ba. Baturke ba zai ce wani ya zo ba sai ya zaɓa tsakanin geldi da gelmiş. Ta farko ta wanda ya gani da idonsa ce, ta biyu ta wanda ya ji a bakin mutane ko ya tarar da takalma a ƙofa ya gane. Da ta biyun ake ba da tatsuniya, da ita ake tsegumi, da ita kuma ake nuna mamaki. Bahaushe yana da "wai" na ji-ta-ji-ta, yana da "ashe" na mamaki, amma ganin damarsa ne. Yana iya cusa wa mutum ƙanzon kurege ba tare da nahawu ya kama shi ba. Abin da Hausa ba ta yafewa shi ne wurin tsayuwa. Mutum ba zai ba da labarin shiga ko fita, hawa ko sauka, aike ko saye ba, sai ya bayyana ta wane gefe yake.

Harɗaɗɗun kalmomi kuwa sun fi ɗafi tonon asiri. Kalmar ɗan'uwa ta yi faɗin da har ta rufe ɗan gari ɗaya da ɗan addini ɗaya, amma in aka buɗe cikinta ɗa ne da uwa. Tagwaininta, ɗan'uba, a hankalce ya kamata ta ɗauki ma'ana makamanciya. Ina! 'Yan'uwantaka ƙauna ce da rufin asiri, 'yan'ubanci kuwa gasa ce da hassada da zaman doya da manja, har ana cewa wane yana yi wa wane 'yan'ubanci alhali ba su haɗa ko kakan kaka ba. Kalmomin biyu zanen gida ne mai ɗakuna da yawa, inda uwa ke haɗa 'yan ɗaki ɗaya, uba kuma ke haɗa masu jiran gado ɗaya. Can Mali, Bambara sun gina nasu da tubali iri ɗaya: ba uwa ce, fa uba ne, den ɗa ne, sai suka sami badenya ta haɗin kai da fadenya ta gasa. Sai dai su ba su ɗauki fadenya abin ƙi zalla ba, suna ganin ita ke zaburar da mutum ya yi suna, kamar yadda labarin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, ya ginu a kan takun-saƙarsa da ɗan'ubansa. Matar da ta shigo ta tarar da wata, ko aka shigo aka tarar da ita, Hausa ta yanka mata suna kai tsaye daga kishi. Masu son a zauna lafiya sun ƙirƙiro "abokiyar zama", amma kishiya ba ta matsa ko nan da can ba.

Larabci yana da tasa dabarar, ta baƙaƙe uku da ake zuba wa wasula. Daga ra da ha da mim aka sami rahama, aka sami sunayen Allah biyu da ke cikin Bisimilla, aka kuma sami rahim, wato mahaifa. Balarabe yana jin mahaifa a cikin jin ƙai, kuma abin da Bahaushe ke kira sada zumunci shi a wajensa sadar da mahaifa ne. Hausa ta ari rahama ta bar wannan dangantaka a can, domin kalmar aro takan zo ne ita kaɗai, ba ta tahowa da danginta.

Amma Hausa ma a ciki ta ajiye abin da ake ji. Kalma guda ce ke nufin tumbi, da juna biyu, da abin da ke ƙunshe a kowane abu, kuma ita ce ke yin fari ko baƙi. Ƙirar mai sauƙi ce: a ɗauko launi ko zafi ko nauyi, a ɗaura shi a wata gaɓa. Farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, ƙwarin gwiwa da sanyin gwiwa, taurin kai, zafin nama, nauyin baki, zurfin ciki. Ko wuraren da ba a gani ba a cakuɗa su ba. Rai ɓaci yake yi, kamar miya ko tufa. Hankali tashi yake yi ya kwanta, kamar ƙura. Zuciya kuwa ba sarauniyar soyayya ba ce kamar yadda littattafan soyayya na Kano suka mai da ita. A tsohuwar Hausa wanda ya yi zuciya fushi ya yi, mai zuciya shi ne wanda ba ya jure wulaƙanci, kuma mutuwar zuciya ita ce cutar malalaci. A yawancin waɗannan maganganu mutum ba shi ne mai aikatawa ba. Tsoro ne ke kama shi, kunya ta rufe shi, gabansa ya faɗi, cikinsa ya ɗuri ruwa. In kuma shi ne a gaba, to ji yake yi, da aikatau ɗin nan guda da ke ɗauke da sauti da ƙanshi da ɗanɗano da zafi da tausayi da fahimtar harshe. Masana Hausa Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna a 2009 cewa ci da sha ma sun raba aiki: mai rinjaye ci yake yi, ya ci yaƙi, ya ci zaɓe, ya ci amana, wanda abu ya auka wa kuwa sha yake yi, ya sha wuya, ya sha kashi, ya sha rana.

A nan ne ya kamata mai sha'awar irin wannan nazari ya ja linzami, don hanyar tana da santsi. A 1911 masani Franz Boas ya kawo kalmomi huɗu da mutanen Inuit na ƙuryar arewacin duniya ke amfani da su wajen maganar dusar ƙanƙara. Wani masanin, Benjamin Lee Whorf, ya ɗauki misalin a 1940, daga nan littattafai da jaridu suka yi ta ƙara masa gishiri har huɗu ta koma hamsin, ta koma ɗari. Sai a 1986 masaniya Laura Martin ta bi sawun labarin ta nuna yadda ya kumbura a hanya. Gaskiyar ita ce harsunan Inuit suna jera ɗafi bisa ɗafi har kalma guda ta yi aikin jimla, don haka ƙidayar kalmominsu ba ta da ƙarshe ko a kan mene ne. Da irin wannan lissafi, sai a ce Bahaushe yana da kalmomi ashirin na saye, a kuma ɗora cewa ciniki ne kaɗai a ransa.

Jinsi ma wani tarkon ne. Hausa tana raba ka da ki, shi da ita. Yarbanci da Turkanci da Farisanci ba su raba "shi" da "ita" ba, amma ba wanda zai ce hakan ya share bambanci tsakanin maza da mata a Ibadan ko Tehran. Rana mace ce wata namiji a Hausa da Larabci da Jamusanci, a Faransanci kuwa an juya su. A Hausar Zazzau da Bauchi, da ta zangon Kumasi da Akara, ana jin "motan" da "rigan" inda Bakano zai ce "motar" da "rigar", kuma matan can ba su canza matsayi saboda haka ba. Ƙirar kalma ba ta ɗaure tunani. Abin da take yi bai kai haka ba, amma ya fi haka daɗewa: tana sa mutum ya saba duban wani gefe tun yana koyon magana, har dubawar ta zame masa jiki. Wasalin o bai samu don Bahaushe yana son gida ba, ya girmi duk wani gari da ake kira na Hausa. Abin da masu harshen suka yi da shi ne nasu.

Haka abin yake ga ƙananan kayan sassauta magana. Ɗa da 'ya sun zama ma'aunin ƙanƙanta, daga nan suka zama ladabi. "Jira ni" umarni ne, "ɗan jira ni" roƙo ne. Mai neman bashi da 'yar matsala yake zuwa ko da ta kai tudun Dala, kamar yadda mutumin Brazil ke tayin cafezinho, ɗan kofi, ko kofin ya cika taf. Ninki kuma wuƙa ce mai baki biyu. In aka ninka farkon aikatau aiki ya yawaita, an kakkama, an yayyanka, an tattara. In aka ninka kalma sukutum sai ta yi laushi: ja-ja bai kai ja ba, kuma mai jin zazzaɓi-zazzaɓi bai yarda ya kwanta ba tukuna. A guje-guje da tsince-tsince da 'yan shaye-shaye kuwa akwai ɗan taɓe baki, na aikin da ya yi yawa ya rasa kai. Santaleliya da zungurere da shirgege, tsawonsu a baki shi ne rabin ma'anarsu.

Injin nan bai tsaya ba, kuma ba ya tambayar asalin abin da aka zuba masa. Karanta daga Larabci take, amma ana karanto wasiƙa, a karantar da yara, a karance littafi, rubutu ya ƙi karantuwa. Kalmomin zamanin waya ma sun bi layi. In wuta ta ɗauke ana aiken yaro ya cajo waya, ya biya wajen mai POS ya ciro kuɗi. Wane ya bugo, wance ta turo hoto.

Akwai kuma wani abu da masu rubuta wasiƙa suka daɗe suna yi, wanda waya ta gada. Bisa ƙa'ida, o na nuna abin da ya nufo mai magana. Amma mai wasiƙa yakan rubuta "na aiko maka", alhali takardar barin hannunsa take yi. Ya tashi daga inda yake zaune ya koma gefen wanda zai karanta, yana kallon saƙon yana isowa. Yaron nan da aka aika sayen gishiri, a ce ya girma yana sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kwana da wuni daga murhun. Ƙarshen wata ya tsaya a rumfar mai POS, kuɗi suka fita daga aljihunsa suka yi arewa, sannan ya buga waya.

"Inna, na turo miki ɗan abin cefane."

"Sun shigo, ɗan nan. Allah ya yi albarka. Yaushe za ka taho?"

"Sai azumi ya matso, Inna."